Ɗanliti da Tuddan Maleƙa

Sunan yankansa Tasi'u, domin shi ne namiji na tara a gidan ubansa, amma ranar Litinin aka haife shi, kuma sunan rana ya danne na yanka tun yana goye. A Kafin Duma, wani ƙauye da ke arewa da Makoda, in ka ce Tasi'u sai mutane sun tsaya tunani. In ka ce Ɗanliti mai zuma, ko tsohuwar da ta daina fita za ta kwatanta maka ƙofar gidansa. Gajeren mutum ne kakkaura, mai faɗin tafin ƙafa, fatar hannuwansa ta yi kanta saboda harbin ƙudan zuma na shekara arba'in da ɗoriya. Ba shi da yawan magana. Matarsa Asiya takan ce zaman da ya yi a kan bishiya ya fi wanda ya yi a kan tabarma, shi ya sa bakinsa ya yi nauyi, don a can sama babu mai amsa masa.

Ƙasar Kafin Duma ba ta san hutu ba. Gona na jingine da gona tun daga bakin gari har inda ido ya tsaya, iyaka kuwa ɗan layin gamba ne ko na lalle, wanda a kansa ake zuwa gaban mai gari duk bazara. Daji ya ƙare tun kafin a haifi Ɗanliti. Wuri biyu kaɗai fartanya ba ta taɓa ba, maƙabarta da tuddan da ake kira Maleƙa.

Tuddan nan bakwai ne, a jere daga gabas zuwa yamma a arewacin gari, tsakanin kowanne da na gabansa tafiyar kamar minti goma sha biyar a ƙafa. Kowanne ya kai tsayin ɗaki, kuma a kan kowanne akwai tsohuwar bishiya: tsamiya huɗu, kanya biyu, kuka ɗaya. Wata doguwar kunya ce ta haɗa su, wadda manoma suka yi ta gutsura shekara da shekaru, har a wasu wuraren sai wanda ya sani zai gane ta. Ana ƙirga su daga gabas. Na uku shi ya fi kusa da gari, na bakwai kuwa ya yi nisa, yana kan iyakarsu da mutanen Rijiyar Kalgo.

Kakarsa Inna Tahira ce ta fara gaya masa abin da tuddan suke. Ta ce a zamanin yaƙi, lokacin da mahara ke saukowa daga arewa neman shanu da mutane, wannan kunyar ganuwa ce da ta fi mai raƙumi tsayi. A kan kowane tudu akwai dogon ginin ƙasa, mutum ɗaya a zaune a ƙoli da ɗanyar ciyawa da garwashi a kasko. In ya hango abin da bai yarda da shi ba, sai ya tada hayaƙi, na kusa da shi ya gani ya tada nasa, kafin a cinye ƙwarya guda ta fura labari ya kai ƙarshen layi, an rufe ƙofa. Abin da ya zauna wa Ɗanliti a rai shi ne ƙarshen zancen. Ta ce wanda hayaƙi ya riska a gonar waje ba a jiransa. Haka aka rufe ƙofa aka bar ƙanen kakarta da jakinsa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Tun da babu daji, a kan bishiyoyin Maleƙa ubansa Malam Jibo yake rataye amyoyinsa, kuma a can Ɗanliti ya koyi sana'a. Ya koyi saƙa amya da gamba, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara ta har ƙamshin ya jawo ƙuda. Ya koyi hawa da igiya ɗaya a kafaɗa ba tare da ya girgiza reshe ba. Da ya zama saurayi ya ɗan yi wa sana'ar tawaye, ya tafi ci-rani birni, ya yi rani biyu yana tura kurar ruwa a Fagge. Yana can aka aiko masa cewa Malam Jibo ya faɗo daga kanya ya karye a ƙugu. Ya dawo ya tarar da tsoho a kwance da amya talatin a sama ba mai duba su. Tun daga ranar bai ƙara kwana bakwai a jere a wajen Kafin Duma ba. Ya auri Asiya, suka haifi biyar, uku suka rayu, maza biyu da suke birni yanzu, sai auta Muhsina.

Shekarun da ya yi yana hawa suka nuna masa wani abu da na ƙasa ba su sani ba. A kowace bishiya akwai wata gwafa da in ka zauna a cikinta ka fuskanci arewa, za ka ga tudun da ke damanka da wanda ke hagunka tar, babu abin da ya tare. In ka sauko kamu biyu ka rasa su. Ya daɗe da sanin haka bai gaya wa kowa ba, don bai ga amfanin faɗa ba. Sai da Muhsina ta gama kwalejin horar da malamai, aka ba ta koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata wajen Dawakin Tofa, sannan zancen ya fito. Takan zo gida duk Juma'a da yamma a motar haya, ta koma Lahadi.

Wata Asabar yana tace zuma a tsakar gida, ta zauna kusa da shi ta miƙa masa waya. Hoton wata doguwar katangar dutse ce tana bin tsauni da kwari a cikin koriyar ciyawa, da wasu ƙananan gine-gine masu kusurwa huɗu a manne da ita. Ta ce masa Rumawa ne suka gina ta a ƙasar Ingila, shekara kusan dubu biyu da suka wuce, a iyakar mulkinsu ta arewa. Gine-ginen nan hasumiyoyin gadi ne, an jera su yadda wanda ke kan ɗaya zai hango ta gaba. Ɗanliti ya goge hannu a jikin riga, ya karɓi wayar da yatsa biyu. Rumawa dai ya san su a cikin Alƙur'ani, amma bai taɓa zaton suna da Maleƙa irin ta Kafin Duma ba. A nan ya gaya mata zancen gwafa, ta yi ta jinjina abin, ta ce wata rana sai ta rubuta shi.

Ya tambaye ta, "To, me ya cinye su? An fi ƙarfinsu ne?"

Ta ce, "Ba a rana ɗaya ba, Baba. A hankali mulkin ya janye hannunsa, masu gadi suka watse. Mutanen wurin suka riƙa ɗibar duwatsun suna gina gidaje. Yanzu tumaki ke kiwo a wurin."

Ta ƙara da cewa malaman tarihi na ganin ba na waje kaɗai ake gadi daga hasumiyoyin ba, har na ciki ana lura da shigarsu da fitarsu, domin wanda ya hau sama kowane ɓangare ya juya gani yake. Ɗanliti ya miƙa mata wayar ya ci gaba da tacewa.

A shekarun nan ne labarin 'yan bindiga ya fara matsowa. Da can a rediyo ake jinsa, da sunayen garuruwan da ba wanda ya taɓa zuwa. Daga baya sai aka fara ganin mutanen a kasuwar Dambatta, mata da tsofaffi a kan tabarmi da ƙullin kaya, suna sayar da akuya a kan kuɗin kaza. Sannan wani mai sayen gyaɗa da ke zuwa Kafin Duma duk kaka ya daina zuwa, aka ce an tare shi a hanya. Duk da haka mutanen gari suka riƙe abu ɗaya suna kwantar da hankalinsu da shi: ɓarawon daji sai da daji, su kuwa nan ko zomo ba shi da wurin ɓuya.

Bayan an gama yankan dawa a kakar shekara uku da suka wuce, Ɗanliti ya tafi tudu na bakwai da hantsi don ya duba amyoyi huɗu da ke kan tsamiyar. Tun daga gindi ya ga abin da ya tsayar da shi. An kafa ƙusoshi inci shida a jikin bishiyar, ɗaya sama da ɗaya, kamar matakala. Amya ɗaya tana ƙasa, an ajiye ta a tsaye ba a jefo ta ba, ƙudajen cikinta duk sun mutu, warin maganin ƙwari na fiya-fiya na tashi. Ba a taɓa zumar ba. Wannan shi ya fi ɗaure masa kai, domin ɓarawon zuma ya san shi, ba ya barin saƙa.

Bai taka ƙusoshin ba, da igiyarsa ya hau. A cikin gwafar ya tarar an ɗaure guntun katako da roba, an yi wurin zama. Ga ledojin fiya wata an cusa a wani kogo, ga guntayen sigari. Ya zauna a kan katakon, sai ya ga ba arewa ya fuskanta ba. Kudu yake kallo. An sassare rassan da ke wannan ɓangaren da adda mai kaifi, an buɗe taga a cikin ganye. Ta cikinta ya ga Rijiyar Kalgo a shimfiɗe kamar a faifai, da garken shanunsu, da hanyar da suke bi zuwa kasuwa. Can gefe kuma ga hasumiyar masallacin Kafin Duma.

Ya sauko ya ɗauki amyarsa ya koma gida, bai ce wa kowa komai ba. Ya gaya wa kansa wataƙila samari ne masu harbin tsuntsu, ko masu shaye-shaye da ke neman inda ido ba ya kaiwa. Zuciyarsa ba ta karɓa ba, amma ya danne ta. Bayan mako biyu ya je tudu na shida, ya tarar da ƙusoshi a jikin kanyar, sababbi, ko tsatsa ba su yi ba. Nan ma katako, nan ma taga ta kudu. Daga wannan kuwa ana ganin turken shanun Kafin Duma da ke yammacin gari, har mutum zai iya ƙirga su. Asiya ta lura ya rage cin tuwo, ta tambaye shi, ya ce ciki ne.

A tudu na biyar ya gamu da su. Rana ta take, gonaki fayau ba kowa sai karan dawa a tattare. Yana zagayowa bayan tudun ya ga babban babur marar lamba a jingine, da mutum biyu a zaune a inuwar tsamiya. Ɗaya ya sa rigar sanyi duk da zafin da ake yi, ɗayan ya naɗe fuska da rawani. Bai ga makami a hannunsu ba, sai wani dogon buhu a kwance tsakaninsu. Juyawa ba ta yiwuwa, sai ya yi sallama. Suka amsa da ladabi, mai rigar sanyin har da ɗan rusunawa. Harshensa ba na wannan yanki ba ne.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba Ɗanliti. Ƙudajen nan naka suna damun mutane. Ka sauke na wannan bishiyar da hannunka, ya fi a kashe maka su."

Ɗanliti ya ce to. Ya hau, yana jin idanunsu a bayansa, ya kwance amya uku ya zuro su ƙasa da igiya ɗaya bayan ɗaya. Da ya sauko ya ɗaure su zai ɗauka, mutumin ya taimaka masa ya ɗora a ka. Ya yi taku kamar biyar, sai ya ji muryar a bayansa, a hankali, kamar mai ba da saƙon arziki.

"In Malama ta zo ran Juma'a, a gaishe ta."

Bai biya gida ba. Da amyoyin a kansa ya wuce ƙofar Mai Gari, wanda sa'ansa ne, tare suka yi makarantar allo. Ya faɗi duk abin da ya gani tun daga tudu na bakwai. Mai Gari ya saurara har ƙarshe, sannan ya aika aka kira Basiru, mai gyaran babur, wanda samarin gari suka naɗa shugaban 'yan sa-kai. Basiru ya ɗauki mutum biyar suka zaga tuddan, suka dawo da katako uku da ƙusoshi cike da hula. Da la'asar aka taru a ƙofar Mai Gari.

A nan zance ya juya inda Ɗanliti bai zata ba. Basiru ya tambaye shi yaushe ya fara ganin ƙusoshin. Ya ce mako biyar ke nan. Basiru bai ɗaga murya ba, ya ce shi abin da bai gane ba, yaya baƙo zai zo daga wata ƙasa ya san akwai gwafar da ake hangen gari daga cikinta, alhali su da aka haifa a nan ba su sani ba. Kuma yaya aka yi suka san sunansa, suka bar shi ya tafi lafiya. Wani daga baya ya ce da ɗan gari akan ci gari. Mai Gari ya tsawatar, ya ce ba a kira taron nan don a tuhumi kowa ba. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ba wanda ya ce masa infoma a gaban idonsa. Sai dai matan da ke aiko da kwalba a zuba musu zuma suka daina aikowa. A masallaci in ya tsaya a sahu, na kusa da shi ba ya haɗa kafaɗa da shi kamar da. In ya doso majalisar bakin kasuwa sai a koma zancen taki. Asiya ta ji abin a gidan suna, ta dawo ta ajiye mayafi ta ce masa da ya gaya mata tun ranar farko, da ita da kanta za ta kai maganar, ko ba komai ba a ce ya ɓoye ba. Ya ce ta yi gaskiya. Ya kira Muhsina ya ce kada ta ƙara zuwa sai ya neme ta, bai gaya mata dalili ba, uwarta ce ta gaya mata.

Mai Gari ya kai rahoto sama. Jami'an tsaro suka zo a mota, suka duba tuddan, suka ɗauki hoto, suka bar lambar waya, suka ce a kira su da an ga wani motsi. Bayan tafiyarsu aka sake taro, Basiru ya kawo shawarar a sare bishiyoyin tuddai huɗu na yamma, daga na huɗu zuwa na bakwai, don a tsone wa masu leƙe ido. Yawancin mutane suka goyi baya. Ɗanliti ya nemi izini ya yi magana, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, su sun riga sun ga abin da suka zo gani. In aka sare, mu ne za mu makance."

Wani ya ce ai dole ya ce haka, amyoyinsa yake ji. Wani ya ce ko kuma wani abin yake ji. A ƙarshe Mai Gari ya ce a sare.

Shi aka sa ya sauke sauran amyoyin. Aka ɗauko mai injin yankan itace daga Makoda, ya yi kwana huɗu yana aiki. Ɗanliti ya tsaya daga nesa yana kallo. A tsamiyar tudu na huɗu sarƙar injin ta tsinke har sau biyu, da aka fasa gungumen da gatari sai ga turakun baƙin ƙarfe irin na maƙeran da, itace ya haɗiye su tun tuni, a jere ɗaya sama da ɗaya. Dattawa suka yi ta juya su a hannu. Mai Gari ya ɗauki ɗaya ya sa a aljihu. Da aka gama, yammacin gari ya zama fili, tuddai huɗu a tsaye da kututture a kansu kamar kawunan da aka aske.

Rani ya wuce ba abin da ya faru. Mutane suka fara cewa dabarar ta ci. Ɗanliti ya tattara amyoyin da suka rage masa, goma sha ɗaya, a kan bishiyoyi uku na gabas, zumar kuwa sai ya kai Dambatta yake sayarwa, inda ba a san zancen ba.

Ranar wata kasuwa a cikin bazara, maza sun watse cin kasuwa, yana kan tsamiyar tudu na uku bayan azahar yana gyara ɗaurin wata amya. Da ya ɗaga kai ya dubi yamma, sai ya ga hayaƙi baƙi ya miƙe daga wajen Rijiyar Kalgo, ba irin na ƙona gona ba. Ya haura cikin gwafa ya ƙura ido. Can ƙasa da hayaƙin ya ga wani dogon layi yana tafiya arewa, shanu ne ake korawa da gudu, babura na zagaye da su. Sannan ya ga babura kamar shida sun ware daga layin, sun miƙo gabas ta bayan tsohuwar kunya, wato hanyar turken Kafin Duma.

Ya ciro 'yar wayarsa ya kira Basiru. Sau biyu tana shiga ba a ɗauka ba. A na uku Basiru ya ɗauka, Ɗanliti ya ce masa babura shida, sun wuce tudu na shida, a kwance shanu a shigo da su cikin gari, a sallami 'yan makaranta, a kira lambar da jami'an tsaro suka bari. Basiru bai tambaye shi komai ba. Daga sama Ɗanliti ya ga gari ya motsa, mata na kwance shanu, liman ya hau lasifika, 'yan sa-kai sun fito bakin gari da bindigogin toka suna harbi sama. Baburan suka iso tudu na huɗu suka tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya hau kan kututturen ya daɗe yana duban gari, sannan ya juyo ya dubi tsamiyar da Ɗanliti yake kai. Ko ya gan shi ko bai gan shi ba, Allah ne masani. Suka juya suka bi 'yan'uwansu.

A Rijiyar Kalgo an kashe mutum biyu, an tafi da shanu sama da sittin da mata uku. Biyu daga cikin matan sun dawo bayan wata huɗu. A wurin gaisuwa wani dattijo na can ya ce da tsamiyar tudu na bakwai tana nan, da mutum a kanta, da an hango su tun suna nesa. Ɗanliti yana zaune a wurin, bai ɗaga kai ba.

Bayan kwana uku da harin Basiru ya yi sallama a ƙofar gidansa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana zancen ruwan da bai sauka ba, sannan ya ajiye usur da sabuwar waya mai riƙe caji a kan tabarma. Ya ce Mai Gari da jama'a sun ce a roƙe shi ya riƙa hawa, tun da ba wanda ya san sama kamarsa. Haƙuri dai bai furta ba, Ɗanliti kuma bai nema ba. Ya ce zai hau, amma a cire ƙaya da yayi da wasu ke zubar masa a gindin tsamiyar tun da aka fara zarginsa, kuma a sa mutum a kan kukar tudu na biyu, don ido ɗaya ba ya gadin gari. Aka yi hakan na wata biyu, sannan na kan kukar ya gaji ya koma gonarsa.

Yau shekarar Ɗanliti sittin da ɗaya. Yana hawa bayan gari ya waye, ya sauko azahar ya yi salla ya ci abin da Asiya ta ɗaura masa, ya koma har rana ta yi ja. Gwiwarsa ta hagu ta fara ƙi, sai ya huta sau biyu kafin ya kai gwafa. Sau huɗu ya busa usur tun daga lokacin. Sau uku ba komai ba ne, masu kai amarya ne ko fatake. Sau ɗaya kuwa babura uku ne suka tsaya a tudu na biyar har kusan awa guda, suka juya. Masu sayen zuma sun dawo, ba duka ba. Har yanzu akwai gida biyu ko uku da ake cewa a ciki, ai mai gadin da ɓarayi suka san sunansa abin a yi hattara da shi ne. Ya san gidajen, yana gaisawa da masu su.

Muhsina ta yi aure, tana unguwar Bacirawa a birni da mijinta, ta samu canjin makaranta zuwa can. Ta yi ta roƙon su dawo birni kusa da ita, har ɗaki ta sa aka gyara. Asiya ta je ta yi mako uku ta dawo, ta ce ba ta iya barci a inda ba ta san maƙwabta ba, kuma wa zai ɗaura wa Malam abinci. Shi kuwa in an tada zancen, sai ya tambayi lafiyar jikansa.

Abin da ya fi damunsa damina ce. Daga tsakiyarta zuwa kaka, gero da dawa kan fi mutum tsayi, in ya hau ba ya ganin komai sai kore har ƙarshen ido. Mutum ɗari za su iya ratsawa ta ciki bai sani ba. Bara wata biyu ya yi yana kallon yadda kan gero ke motsi, yana rarrabe na iska da wanda ba na iska ba. Da ya gaya wa Mai Gari, aka yi taro kafin ruwan bana, aka yanke cewa duk gonar da ke arewa da tsohuwar kunya ba za a shuka mata gero ko dawa ba, sai gyaɗa da wake da abin da ba ya wuce gwiwa. An yi gunaguni, don rabin abincin gari daga can yake fitowa, amma ba wanda ya tashi ya ce a'a.

Gonar da Ɗanliti ya gada tana can, taku ɗari biyu a waje. Da aka yi ruwan shuka ya roƙi Basiru ya hau masa tsamiya na yini ɗaya, shi da Asiya suka fita da sungumi da ƙwaryar irin gyaɗa. Yana sara tana jefawa tana takewa. Da suka kai tsakiyar gona ta tambaye shi da me za su yi tuwo bana. Ya ce za a sayar a sayo. Suka ci gaba da aiki ba hutawa, suna so su gama kafin la'asar.